Likkafanin Inna da Tayar Amalanke

Malikanchi, Ikara.

Zuwa ga Yayana Tukur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Khairiyya da yara, da fatan zaman Fatakwal yana yi muku sauƙi. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya jiƙan Inna Fatsuma, ya ba mu haƙurin rashinta. Mu nan lafiya lau. An fara yankan dawa, Rumaisa ta warke daga zazzaɓin da na gaya maka, Baban Rumaisa kuma yana fama da gona. Na zaɓi in rubuto ne saboda duk lokacin da na ɗauki waya zan yi maka wannan magana, kuka ke cin ƙarfina.

Yaya, ka san Inna ƙanwar mahaifiyarmu ce, amma ita ta goya mu. Ka kuma san farin yadin da ta zo da shi daga Makka, wanda ta wanke da ruwan zamzam da hannunta. A wurina ta ajiye shi. Ta ce ni zan yi mata wanka, ni zan sa ta a ciki, kada in bar kowa ya riga ni. Na ce mata na ɗauka. To, ban cika ba, kuma na san ɗanta Ɗayyabu ya riga ya gaya maka cewa sakacina ne. Yau ka ji yadda aka yi.

Bayan asuba aka bugo daga Taba cewa Inna ta cika. Ko shayi ban ɗora ba, na rungumi yadin, Baban Rumaisa ya tayar da motarka da ka bari a hannunmu. Mun wuce Ikara kaɗan sai muka ji fam! Wani ƙarfe ya yage tayar gaba, yagewar da ba mai facin da zai iya ɗinke ta. Baban Rumaisa ya ce in kwantar da hankalina, ai akwai safaya sabuwa fil da ka saya kafin ka tafi. Ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar, sai na ga ya tsaya ƙiƙam. Wallahi Yaya, abin da ke ciki wata ƴar taya ce kamar faifai, ta sha tsatsa, ko iskar kirki babu. Na yi salati, na zauna a bakin hanya.

Bawan Allahn nan ya ciro ƴar tayar. Ya ce dai ba za a sa ta a gaba ba, don sitiyari zai riƙa fizga. Ya kwance ta baya mai kyau ya mayar gaba, ya ɗaura ƙaramar a baya, aiki ya zama biyu, gumi har cikin idonsa. Da muka tashi, mota ta karkace gefe guda kamar mai ɗingishi. Ya ce in ya taka ta da gudu, ita ma za ta fashe mu rasa duka. Ka san yadda damina ta cinye hanyar nan. Duk ramin da muka shiga sai cikin mota ya daki ƙasa, in fita in taka da ƙafa, ya lallaɓa ya haye, in koma. Masu kekuna suna wuce mu. Waya kuwa ba ta daina ƙara ba, ana tambaya ina muke, yana ta cewa ga mu nan, za mu isa. A Makarfi haƙurina ya ƙare, na tare ɗan acaɓa na hau da yadin a cinyata.

A bakin garin Taba na haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta da makara ba kowa a ciki. Dattawa sun ce rana ta yi, ba a ajiye gawa. Wata maƙwabciya ce ta yi mata wanka, aka sa ta a alawayyon kasuwa. Ko fuskarta ban gani ba. Ina tsaye a tsakar gida da yadin a hannu, Ɗayyabu ya leƙo daga zaure, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, wai uwarsa ta ba da amana inda ba a san darajarta ba, wai na tsaya kwalliya ne. Mata suka bi ni da kallo. Na haɗiye, don a lokacin ni ma kaina nake zargi.

Bayan sadakar uku, muna komawa gida, muka biyo ta Gubuchi, inda Ɗayyabu yake zaune. A ƙofar gidan Ɗayyabu ga amalankensa an loda masa rake, shanu suna tuƙa a gefe. Baban Rumaisa ya taka birki ba shiri. Tayarka ce a jikin amalanken, da shuɗin fentin nan da kake ɗigawa a kowace tayar motarka. Ka tuna ya ari motar da sallah, ya dawo da ita a wanke tas yana ta godiya? Ashe lokacin ya zare ta, ya cusa mana ta bola. Ranar rasuwar ta gaban gidan nan muka wuce muna rarrafe, tayar tana kallonmu. Kuma ya sani! Ya ga motar a karkace a Taba, ya ga ƴar tayarsa da idonsa, bai fasa zagina a gaban mutane ba.

Ban yafe ba, Yaya, kuma kada ka roƙe ni. Na san halinka, za ka ce zumunci, za ka ce ɗan Inna ne. Ni ma ƴar Inna ce. Baban Rumaisa ya so ya kwance tayar nan take, na hana shi, na ce a bar ta a inda take don kowa ya je ya gani. Ranar sadakar arba'in, idan kawunnanmu sun hallara an shafa fatiha, zan sa a gangaro da ƴar tayar har kan tabarmarsa. Sannan in fito da lulluɓina, in miƙa masa yadin Inna hannu da hannu, in ce ya faɗa wa jama'a abin da ya hana uwarsa shiga cikinsa. A inda ya kunyata ni, a nan zai amsa. Yadin kuma shi zai ajiye, ya riƙa buɗe akwati yana ganinsa har ƙarshen ransa. Abin da nake nema a wurinka ɗaya ne: kada ka buga masa waya, kada ka gaya wa kowa. In Kawu Mamuda ya kira ka ranar, ka tabbatar masa fentin naka ne.

Ka gaishe mini da Anti Khairiyya, da Zayyad, da Mukarrama, ka ce Huzaifa ya dage da karatu. Baban Rumaisa da yara suna gaishe ku. Ɗayyabu ma, da muka rabu a Taba, ya ce in na yi magana da kai in gaishe ka. Ga shi na isar. Ni in aka ba ni amana, ina kai ta inda aka ce.

Wassalam. Ƙanwarka,
Rahmatu