Madarar da Kake Aiko wa Auta

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya lau, kai da mai ɗakinka da yara, Ya kuma ƙara maka haƙurin zaman nesa. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙwarinta, sai dai gwiwa da ke taɓa ta in ta daɗe a tsaye. Maigidana an cire masa haƙorin nan da ya hana mu sakat, surutu ya dawo har da ƙari. Ni kuma ina nan kan keken ɗinkina, masu kaya na tsaye mini a ka.

Na zaɓi in rubuto ne don Inna ba ta rabuwa da gefena in ina waya da kai, kuma ka san kunnenta bai tsufa ba. Maganar Auta ce. Ka san tun bara yake fama da ciki, yau kumburi, gobe murɗa, jibi gudawa. Abin da ba mu faɗa maka ba shi ne aikinsa na neman kuɓuce masa. Mutumin da zai ja motar fasinja awa shida, a ce ya tsaya sau huɗu a hanya yana neman inda zai kewaya? Fasinjoji suka kai ƙara. Manajan kamfanin ya sauke shi daga mota, ya ba shi wata biyu ya nemi lafiya, in ba haka ba a miƙa wa wani makullin. Ga matarsa da tsohon ciki. Ranar da ya gaya mini bai iya kallon idona ba, ni ma sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

Na tasa shi gaba muka je wurin likita. An yi gwaje-gwaje iri-iri, aka ce ba gyambo, ba tsutsa, ba wata muguwar cuta. Likitan ya ce hanjinsa ne mai saurin fushi, ba a raba mutum da shi gaba ɗaya, amma ana lallaɓa shi da abinci har a zauna lafiya. Na ce ai gadon gida ne, hanjin ma halinmu ya ɗauko. Ya ce na 'yan makonni ya bar wake da albasa da tafarnuwa da kabeji da burodi da lemon kwalba, madara kuwa ko ɗigo. Ya riƙa cin shinkafa da dankali da ƙwai da kifi da karas, kaɗan-kaɗan kuma a kan lokaci. In ciki ya lafa sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a gane mai laifin. Ya kuma sa shi rubuta duk abin da ya ci a littafi, da yadda ya wayi gari. Matarsa, Allah Ya yi mata albarka, har tukunya ta ware masa. Miya ba albasa fa, Yaya! Na ɗanɗana sau ɗaya, na ce lallai Auta yana son aikin nan.

Abu ya yi kyau, sai dai ba ya ɗorewa. Kwana biyu garau, na uku a dawo gidan jiya. Matarsa ta fara zargin kanta, shi kuma ya fara cewa likitan bai san aikinsa ba. Na ce a ba ni littafin. Na baje shi kan teburin yanka, na bi shi layi-layi kamar mai farke ɗinki. Sai na ga duk ranar da ya tashi da ciwo, Talata ce ko Asabar. Litinin da Juma'a kuwa su ne ranakun da yake zuwa gaida Inna da la'asar, kuma a nan ne kaɗai ya bar layi ba rubutu. Na tsare shi da ido, ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya fito da ita. Ashe duk zuwan da zai yi, Inna za ta ɗauko gwangwanin madarar garin da kake aikowa, ta zuba cokali biyar a babban kofin nan na marigayi Baba, ta dama, ta tsaya a kansa har ya shanye. Wai kai ka ce mata ka ga hotonsa ya rame, a riƙa ba shi. Shi kuma ya ce gara cikinsa ya tsinke da ya maido wa Inna kofi.

Ka san bakina, ban tsaya wata-wata ba na wuce wurinta. Da farko faɗa ta yi, wai da madara ta raine mu duka ba wanda ya mutu, yaushe aka haifi likitan. Na ce Inna, aikin yaron nan fa ake magana. Sai ta ɗauki gwangwanin tana goge murfin da bakin zanenta. Can ta ce, "Shi ba ya nan balle in dafa masa. In na dama wa ƙanensa abin da ya aiko, sai in ji kamar su biyun na ciyar." Wallahi Yaya duk masifar da na zo da ita sai ta bi ruwa. Na zauna kusa da ita.

To ka ji inda muke. Kada ka ɗora wa kanka laifi, da zuciya ɗaya ka aiko. Amma ta ce wanda ya ce a ba shi, shi zai ce a daina, kuma saura mako uku a sake gwada Auta a doguwar hanya. Don Allah ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka kira ta. Kada ka ce madarar ce ta cuce shi. Ce mata yanzu ƙwai biyu kake so ta riƙa dafa masa da hannunta. Kwalin saƙon ma kada ka daina aikowa, sa ko mene ne a ciki. In ta tambaye ka me ka ci yau, kada ka ce mata "abinci" ka wuce. Faɗa mata dalla-dalla, har da wanda ya dafa da ko ka ƙoshi. Shekara shida ke nan rabon da ta zuba maka a kwano.

Gaishe mini da mai ɗakinka da kyau, da takwarar Inna, da ɗan ƙaramin da har yau a hoto kawai muka san shi. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, haka maigidana da matar Auta. Auta bai san na rubuto ba, in ya ji ni da shi ne, na saba. Allah Ya tsare mana kai, Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai keken ɗinki