Takardar da Inna Ta Ɗinke a Laya

Azare, 9 ga Yuli, 1956

Zuwa ga Yaya Yakubu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan ta same ka lafiya a can Ingila, ya tsare mana kai. Mu nan kalau muke. Tarin Baffa ya yi sauƙi, saniyar Goggo Zuliha ta haihu a Udubo.

Yaya, ka tuna wasiƙarka ta bayan salla, wadda ka rubuta a bayan wata takarda mai gida-gida cike da lambobi? Da na gama karanta wa Inna, ta juya ta, ta ce ai wannan hatimi ne, ɗanta bai manta addu'a ba a ƙasar Turawa. Na san lissafi ne, amma ganin murnarta na kasa buɗe baki. Ta kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata, ta rataya a wuya.

Ran Litinin da ta wuce sai ga Di'o, Baturen mulki, da tafinta a zaure. Wai malaminku na jami'a aiki yake yi wa soja a kan na'urar hango jiragen yaƙi, takardar kuma ta ɗakin bincikensa ce, kai ma ka amsa cewa ka aiko ta gida bisa kuskure. Wai in ba ta koma ba, za a kore ka, watakila har a tsare ka, don ana zargin ka miƙa wa abokan gaba. Ni kuwa da nake ganin wasiƙunka an buɗe an sake liƙewa, na ɗauka wata Baturiya ce mai kishi, irin na littattafan da nake karantawa, ashe hukuma ce ke buɗewa. Yi dariya in ka so.

Inna ta daɗe riƙe da layar. Ta aika a tambaya ko za a bar mata gefen da rubutunka yake, tafinta ya ce ba a raba gaban takarda da bayanta. Ta sa na karanta mata sau uku, bayan ta farke ɗinkin da hannunta, sannan ta miƙa. Na haddace, na sake rubuta mata, ta shafa ta ce wannan ba hannunka ba ne.

Har yau fatar tana wuyanta, ba komai a ciki. Don Allah ka aiko mata da layi biyu a farar takarda, ka duba bayanta da kyau. Kada ta wuce faɗin yatsa uku in an ninke.

Baffa da Goggo Zuliha da Ya Gana suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Saudatu