Sun Kira Baba Marigayi a Radiyo

Talata, bayan isha'i

Sati uku ke nan radiyo ba ta da zance sai na wanda zai gaji Baba, antirenar, wato mai horar da ekip ɗin ƙwallon garinmu. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ni ke kunna masa shirin wasanni.

Yau ma masu bugo waya sai gardama suke. Wannan ya ce a ɗauko mai diplom daga Yamai, wancan ya ce sai ɗan gida. Can wani daga Zango ya ce, "Marigayi dai ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya jiƙansa." Mai shirin ya amsa da amin. Duk ranar da Baba ya sha a filin nan, ba su ma san yana numfashi ba.

Na miƙa hannu zan kashe, ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya. Maganar ta daɗe kafin ta fito.

"Mariama, ko wa suka ɗauka, ki gaya masa gwiwar mai tsaron gida ba ta warke ba. Kada ya sa shi."

Na ce, "To, Baba." Na fita tsakar gida don kada ya ga fuskata.