Ruwan Salansa

Litinin, 6 ga Oktoba

Sun iso. Motocin safa biyu, sababbi ful, an ajiye su can ƙarshen gareji inda aka wanke daɓe aka shafa fenti. Wai da iskar haidurojin suke tafiya. Baba, maigidana a aiki, ko ɗago kai bai yi daga cikin ramin gyara ba. Ya ce motar da ba ta tari, ba ta gurnani, ta yaya bakanike zai san ciwonta? Aka yi dariya. Ni har da tafi.

An ce mai son komawa ɓangarensu ya je a koya masa. Baba ya kalle ni, na ce Allah ya kiyaye. Shi ya ɗora min sifana a hannu tun ban yi gemu ba, shi ya tsaya min a aurena. Ina za ni in bar shi?

Laraba, 8 ga Oktoba

Yau na sha kunya. Ɗaya daga sababbin motocin tana fita sai na ga ruwa yana ɗiga a bayanta. Na bi ta a guje ina dukan jikinta, na tsai da direba, na ce lagireto ya fashe. Na kwanta ƙasa na dangwala da yatsa, na murza, na sansana, na ɗan taɓa a harshe kamar yadda Baba ya koya min. Ba wari, ba santsi, ba ɗaci. Injiniyar da ta zo da motocin ta tsuguna gefena, tana ta danne dariya.

"Malam, ai hayaƙinta ke nan."

Ruwa. Hayaƙinta ruwa ne. Na daɗe a kwance ina kallon salansar, cikinta fes kamar kofin shayi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Har yanzu ruwan nan bai bar raina ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Na ce wa Baba zan je neman bel ɗin inji. Alhali motar Injiniya na shiga, mu huɗu, zuwa inda ake yin iskar a bayan gari.

Ikon Allah! Faifan sola shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Bayansu fankoki, kowace ta fi bene tsawo, suna juyi a hankali kamar ba su da wani uzuri. Ta ce wutar da rana da iska suka bayar ita ake sa wa ruwa, sai ya rabu biyu. Rabi a sake shi ya tafi, rabi a matse a tanki. A cikin mota sai su sake haɗuwa, su ba da wutar da ke juya taya, su koma ruwa. Na sa ta maimaita. Ruwan da muke kashe wuta da shi, ashe da abin wuta a cikinsa, muna ta sha muna wanka ba mu sani ba. Tsigar jikina ta tashi, wallahi.

Na dawo ba bel. Baba bai tambaya ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

An kawo tsohuwar safa da ta gagari kowa. Baba ya kafa sukundireba a jikin injin, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido. Ya ce nozul na huɗu ne, mai fesa wa injin mai. Aka kwance, shi ne. Wannan ma ai abin mamaki ne, kuma ba a makaranta ake samunsa ba. Tari ya sarƙe shi bayan nan har sai da ya zauna.

Ya ce ya ga ina yawan leƙa can. Na ce famfon can ya fi ƙarfi. Ƙarya mara gishiri.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na bi sabuwar motar gwaji cikin gari. Shiru. Na ji ƙarar awarwaron wata mata daga kujerar baya, na ji kukan tsuntsaye a mahaɗar titi. Ashe akwai tsuntsaye a wurin nan? Na dafa ƙasan motar, ko rawa ba ta yi. Maman yara ta ce in bar ta ta huta da zancen, sai ka ce ni na ƙera ta.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na gaya wa Baba zan koma ɓangaren sababbin motoci. Na ce ai gareji ɗaya ne, kullum zan riƙa zuwa mu ci abincin rana tare. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Je ka. Ai ban ɗaure ka da igiya ba."

Ya nemi sifana, na miƙa hannu, ya riga ni ɗauka.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Aikin yana shiga kai. Iskar ba ta da wari ba ta da launi, ko ta kama da wuta da rana da ƙyar ido zai gani, sai da 'yar na'ura ake neman yoyonta. Hanci da kunne ba su da aiki a nan. An ba ni riga mai ruwan toka, ko ɗigo ba ta yi ba tukuna.

Da rana na je wajen Baba kamar yadda na alkawarta. Yau fuskarsa a sake, har ya matsa min a benci. Ya ce in zo in ji wani inji da ya gama haɗawa. Ya hau ya tayar, ya taka. Daɗin sauti kam ba a magana. Sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kawai na ji ni na ja baya, wuyan rigata a kan hanci. Ni da na girma a cikinsa. Ban san na yi ba sai da na ga idonsa a madubi.

Ya kashe injin. Na ce mura ce ke son kama ni. Ya ce Allah ya sauwaƙe.

Wataƙila murar ce ma.

"Koma," in ji shi, "kar rigarka ta ɓaci." Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi.