Ɓawon Mangwaronmu Ya Zama Toka

Zuwa ga Shugaban furojen gawayin ɓawo na yankin Keita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Ni ne tsohon mushenka na lekol, malamin makarantar da ya koya maka riƙe alli, don haka ka yi haƙuri da tsawon bakina.

Na ɗaya. Tun da ma'aikacinka ya koya wa matan unguwarmu yin gawayi da ɓawon mangwaro, gidana ya koma juji mai daraja. Matata Rabi ce shugabarsu. Ko mangwaro na sha, tana tsaye kaina tana jiran ɓawon. Ban yi ƙorafi ba, akuyarmu ce kawai ta yi fushi.

Na biyu, nan ne kukana. Yaron naka ya ce a jiƙa ɓawon a ruwan kanwa, a shanya, sannan a turara shi cikin ganga rufe. Bai faɗa musu cewa ɓawon da ya sha kanwa yana saurin karɓar zafi ba, ya hau moto ya tafi. Su kuwa suka ba shi wuta irin wadda suka saba ba wanda ba a jiƙa ba. Da aka buɗe gangar ranar kasuwa, gaban matan unguwa duka, toka muka tarar, fara tas. Na karanta littattafai da dama, ban taɓa ganin wanda ke lallashin mace a gaban gangar toka ba.

Yanzu rabin matan sun ce gatari bai taɓa ba su kunya ba. Itacen da za su sara kuwa ka san shi: wanda uwayenku suka dasa a kan tuddan nan, suna ɗauko duwatsu a ka don tare ruwan sama. Mahaifiyarka na cikinsu. Rabi ta roƙe su su dakata har mangwaro ya ƙare, ga shi ya fara ja baya a kasuwa.

Roƙona, ɗana, ka maido muna yaron kafin lokacin. Ya zauna da su gaban gangar har a buɗe ta, ya nuna musu inda ake janye wuta. Abincinsa na wuyana.

Allah ya yi ma aikinka albarka, ya raya maka zuri'a. Ɓawon mun sake tarawa, yana jiƙe.

Wassalam.

Tsohon mushenka, mijin Rabi.