Awa Ɗaya A Sama, Kwana Biyu A Ƙasa

Ke mai ba da shawara, ki agaza mini, kaina ya ɗaure. Ki yi haƙuri da rubutun, da girmana na koya.

Ni tsohuwa ce, maigidana ya rasu da daɗewa. 'Ya ɗaya Allah ya bar mini, tana aure a wani birni mai nisan tsiya. Lokacin da mijinta zai ɗauke ta ce mini ya yi ai nan da can ne, awa ɗaya a jirgi. Sau ɗaya na je, a mota. Kwana biyu muna tafiya, ƙafafuna suka kumbura kamar turmi, sai da aka yanka takalmina.

Yanzu za a yi mata aiki a ciki, ƙari ne aka gani. Ba ta ce in zo ba, amma ni na haife ta, na ji muryarta a waya.

Ga abin da ya ɗaure ni. Yayar maigidana tana kwance a ɗakina, ɓarin jikinta ya shanye. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke zubar da fo. Ba wani shiri muka yi da ita ba a ƙuruciya, bakinta ya fi reza. Amma yau in ba hannuna ne ya kai mata abinci baki ba, sai ta datse haƙora. 'Ya'yanta maza uku, gaisuwa kawai suke aikowa, sai ka ce gaisuwa na canja zanin gado.

Surukina ya ce zai saya mini tikitin jirgi. Ban taɓa hawa ba, kuma ba tsoro nake ba, mutuwa ɗaya ce. Dabarata ita ce in wanke marar lafiyar da asuba, in ba ta abinci, in kulle ƙofa, in je in ga 'yata, in dawo kafin dare. Zai yiwu? In ba zai yiwu ba, wa zan bari?

Tsohuwa mai jinya

Mama, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki.

Gaskiya ba zai yiwu ba. Awa ɗayar nan ta cikin iska ce kawai. Akwai tafiya zuwa filin jirgi, da layi, da jira, wani lokaci a ɗage tashin zuwa gobe ba wanda ya tambaye ki. Kada ki kulle marar lafiya a ɗaki a kan alkawarin jirgi. Mota kuwa ki cire ta a ranki, ƙafafunki sun riga sun ba da amsa.

Baiwar Allahn nan tana da haƙƙi a kanki, amma haƙƙinta a kan waɗanda ta haifa ya fi nauyi. 'Yarki kuwa uwa ɗaya gare ta. Ki kira babban ɗan marar lafiyar yau, ki faɗa masa ranar tafiyarki, sanarwa ce, ba roƙo ba. Shi ko matarsa ko mai jinyar da za su ɗauka, a zo tun kina nan ki nuna yadda ake juya ta, ta fara karɓar cokali daga wani hannu kina zaune a gefe.

Za ta yi fushi, wataƙila ta rame. Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa ki dawo ki tarar da abin da ba ki so. Duk da haka ki karɓi tikitin, ki isa kafin a shiga da 'yarki ɗakin aiki, ta buɗe ido ta gan ki.

Allah ya ba su lafiya su biyun, ya sauke ki lafiya.