Farin Buhu Huɗu da Abin da Ya Tsaya a Saman Gonata

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin irin masara da nake noma wa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, barka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Hamisu Garba, ɗaya daga cikin manoman da kuke ba iri a yankin Danja. Sau biyu ina zuwa ofishinku na Funtua, mai gadi yana cewa ka yi tafiya. Malamin gonarku kuwa na kira shi har na haddace muryar matar nan mai cewa wayar a kashe take. Shi ya sa na fito da maganar fili, ko wani zai karanta ya kai maka.

Tambayata ɗaya ce: abin da ya tsaya a saman gonata, naku ne ko ba naku ba ne?

Na ɗaya, yadda aka fara. Da masara ta soma bushewa, malamin gonarku, Malam Nura, ya same ni a bakin gona. Ya ce kamfani ya zaɓi wasu gonaki da za a auna daga sama da ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da ake ce wa duron, kuma tawa tana ciki. Ya ce in shimfiɗa farin buhu a kowace kusurwa, in danne da dutse, don jirgin ya gane iyaka. Ya ce za su zo da mota, kuma zai kira ni kafin su taso. Bai kai titi da babur ɗinsa ba na gama shimfiɗawa.

A nan ne na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye ba. Ban gaya wa kowa ba. A wurinmu manomi ba ya yabon gonarsa, saboda tsoron baki. Ko kowane kara ya yi goyo biyu, in aka tambaye ka sai ka ce, "Ga ta nan dai, muna lallaɓawa." To, ina zan iya buɗe baki in ce tawa aka zaɓa a duk garin? Ko matata Ladidi ban gaya wa ba. Da Bulus, maƙwabcina na gona, ya tambaye ni buhunan mene ne, sai na ce na korar tsuntsaye ne. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya ce bai taɓa ganin tsuntsun da ke tsoron abin da ke kwance a ƙasa ba. Muka yi dariya muka rabu.

Na biyu, bidiyon. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina gida ina gyaran rumbu, Lawali ɗan acaba ya bi ta hanyar gonata. Ya hango wani abu a sama, ya tsaya ya ɗauka da wayarsa. A bidiyon, salatinsa ya fi komai fitowa. Abin da ake gani ɗan baƙin ɗigo ne kamar ƙwayar gero. Ya tsaya cak, ya matsa gefe, ya sake tsayawa, sannan ya ɓace bayan ɗorawa. A ƙasa kuma ga farin buhuna yana sheƙi. Kafin azahar bidiyon ya shiga wayar kowa.

Da farko abin raha ne. Malam Audu, malamin firamare, ya ce duron ne, don babu tsuntsun da ke tafiya da baya. Mai facin tasha ya ce leda ce iska ta ɗaga, mutane ne ba su da aikin yi. Tsoho Barau maharbi ya rantse shaho ne yana hangen ɓera, ya ce shi ya fi shekara hamsin yana kallon sama, ba jiya ya fara ba. Baba Ranau, Bamaguje ne da ke bayan gari, ya ce masu ɗorawar ne suka fito shan iska tunda an daina gaishe su. Ni ma na yi dariya, ina jin daɗi a raina cewa ni kaɗai na san amsar.

Sai wani ya ce ai ya ji 'yan daji ma yanzu suna da duron. Wani ya ƙara da cewa to, farin buhun nan fa, ba alama ba ce ta cewa wannan gonar tamu ce, kada a taɓa? Har yau ban san bakin da ya fara kira na infoma ba, wato mai kai wa 'yan daji rahoto. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka san wanda aka liƙa wa wannan suna ba kullum yake samun damar yin bayani ba.

Na uku, gayyata. Tun kafin wannan abu na sanar da gayyar karyar masara, kamar yadda muke yi kowace kaka: yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, Musulmi da Kirista da Maguzawa. Ban taɓa fashin gayyar kowa ba. Ladidi da ƙannenta suka tuƙa tuwo, suka dama kunu. Na tsaya a bakin gona tun sassafe har rana ta take. Mutum ɗaya ne ya zo, Bulus. Yana isowa ya shiga ya fara karya. Da muka zauna cin tuwon mutum talatin mu biyu, sai ya ce, "Hamisu, ni na san ka. Amma me ya sa ka ce mini tsuntsaye?" Wallahi kunyar da na ji a lokacin ta fi tsoron ciwo. Yanzu an fara cewa shi ma a bincike shi, tunda shi kaɗai ya je.

Na huɗu, mai unguwa ya kira ni a gaban 'yan sa-kai. Na faɗi gaskiya tun daga farko. Suka ce in haka ne, me ya sa na ɓoye? Na ce saboda baki. Duk wanda ke wurin ya san da shi ne haka zai yi, amma babu wanda ya ɗaga kai. Na kira Malam Nura a gabansu, wayar a kashe. Mai unguwa, Allah ya saka masa, ya ba ni zuwa ranar kasuwarmu mai zuwa in kawo mutumin kamfani ya yi magana da bakinsa.

Ga kuma abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Malam Nura ya ce za su zo da mota, babu wanda ya ga mota. Ya ce zai kira, bai kira ba. Na kalli bidiyon nan har idona ya yi ja. Wani lokaci in ga ƙananan fankoki, wani lokaci in ga fukafukai, wani lokaci in ce mai faci ne ke da gaskiya. In ɗauki waya, in ajiye, in fita ƙofar gida, in dawo in sake ɗauka. Ni da na yi dariya ina ganin na san amsa, yanzu ban san komai ba. Masarar kuma tana can tana zubewa, gara ta fara shiga.

Saboda haka ina roƙonka, don girman Allah. Ka duba wurin ma'aikatanka ko sun tashi jirgi a kan gonata. In sun tasa, ka turo mutum da jirgin a hannunsa, ya tashe shi a gaban mai unguwa kowa ya gani. Ka nemo Malam Nura ya zo ya faɗi wanda ya ce a shimfiɗa buhu. In kuma ba naku ba ne, kada ka ji nauyina, ka gaya mini da wuri, don ka ga ke nan akwai wani da ya leƙa gonarmu, kuma ba ni kaɗai ya kamata in sani ba, duk garin ne.

Buhunan suna nan inda aka ce in sa su. In na ɗauke, za a ce ina ɓoye shaida. In na bari, duk mai wucewa sai ya nuna su da baki. Ku kuka sa aka shimfiɗa su, ku zo ku ɗauke da hannunku, da rana tsaka, mutane suna kallo. Ranar kasuwar tamu jibi ce.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci aikinka, ya tsare ka da ranar da za ka faɗi gaskiya a rasa mai gaskata ka.

Wassalam, daga manominku da ke jiran amsa a bakin gona,
Hamisu Garba.